Babi na Biyar: Bayan Likita Ya Faɗi Sunan Ciwon

"Likita, to yanzu shi ke nan?"

Da wuya a baro asibiti ba a yi wannan tambayar ba. Wani lokaci mai ciwon ne ke yin ta da bakinsa. Wani lokaci babban ɗansa ne ke komawa ofis bayan an fita da mahaifin, ya sassauta murya ya tambaya. An riga an yi gwaje-gwaje: an ce wa dattijo ya lissafo sunayen dabbobi a cikin minti ɗaya, an ba shi kalmomi ya riƙe, an ɗauki jini, wataƙila har hoton ƙwaƙwalwa an yi. A ƙarshe likita ya ce cutar mantuwa ce, wadda mutanenmu suka daɗe suna kira gigin tsufa. Sai a kamo hanyar gida, mota ta yi tsit, kowa na lissafi a ransa. Shagon fa? Makullin motar fa? Wa zai riƙa zama da shi?

Amsar tambayar ita ce a'a, ba shi ke nan ba. Mutumin da ya shiga ɗakin likita da safe shi ne ya fito da azahar. Ciwon ya yi shekaru yana tafiya a jikinsa kafin wannan ranar, abin da ya ƙaru yau kawai shi ne an san sunansa. Duk abin da ya iya yi jiya, yau ma zai iya. Ko zai ci gaba da yin sa nan da shekara ɗaya ko uku, wannan kuma ya rataya a kan abubuwa biyu: saurin ciwon, wanda ba a hannunmu yake ba, da kuma yadda iyali suka karɓi labarin.

Ciwon ba ya gaggawa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan 55 ne ke rayuwa da cutar mantuwa, kuma kowace shekara ana samun ƙarin kusan miliyan 10. Fiye da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita irin namu. Mafi yawansu, kashi 60 zuwa 70, nau'in Alzheimer ne ke damunsu, wanda aka sa wa sunan likitan Jamus ɗin da ya fara bayyana shi a 1906. Mai wannan nau'in yakan rayu shekara 4 zuwa 8 bayan an gano ciwon, wasu kuma har 20. Akwai nau'in da lalacewar jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa ke jawowa, wanda ya shafe mu sosai saboda yawan hawan jini a cikinmu. Shi wannan yakan sauka hawa-hawa kamar matakala: mutum ya daɗe a mataki ɗaya, sai wata ƙaramar shanyewar ɓarin jiki ta sauko da shi na gaba.

Mu ɗauki ƙwaƙwalwa kamar rumbu. Hatsin da aka zuba tun farko yana can ƙasa, na bana yana sama. Alzheimer daga sama yake fara ɗiba. Shi ya sa za ka ga tsohuwa ta manta ko ta karya kumallo, amma ta kawo maka sunayen ƙawayenta na ranar kamun aurenta ɗaya bayan ɗaya, har da launin zanen da kowacce ta ɗaura. Mutane kan ce, "Ai da gangan take yi, abin da ta ga dama take tunawa." Ba da gangan ba ne, haka ciwon yake ɗibar kayansa.

Akwai kuma abin da hannu da harshe suka haddace, wanda ma'ajiyarsa daban take a cikin ƙwaƙwalwa, kuma yakan daɗe bai taɓu ba. Alwala, naɗin rawani, tuƙin tuwo, ɗinkin hula, surorin da aka haddace a makarantar allo, waƙar da aka rera tun ƙuruciya. Mawaƙin Amurka Tony Bennett an gano yana da Alzheimer a 2016, amma a watan Agustan 2021, yana da shekara 95, ya hau dandamali a birnin New York dare biyu yana rera waƙoƙinsa. A nan gida ma ba mu rasa ganin alaramman da ya manta sunan jikansa, amma da yaro ya yi tuntuɓe a aya sai ya gyara masa daga inda yake kishingiɗe.

Wannan hatsin na ƙasan rumbu shi ne jarin da za a juya.

"Zauna ka huta"

Kate Swaffer tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce a Ostareliya. Tana da shekara 49 aka ce mata tana da cutar mantuwa, aka kuma ba ta shawara ta ajiye aiki, ta bar karatun da take yi, ta koma gida ta kintsa al'amuranta. Daga baya ta raɗa wa irin wannan shawarar suna, wanda ma'anarsa ita ce an rubuta wa mutum janyewa daga rayuwa kamar yadda ake rubuta masa magani. Ba ta bar karatun ba. Ta kammala digirinta, ta ƙara na biyu, a 2014 kuma ita da wasu masu ciwon suka kafa ƙungiya ta duniya da su kansu ke tafiyar da ita.

A wurinmu ba likita ne ke rubuta wannan takardar ba, 'ya'ya ne, kuma da ƙauna suke rubuta ta.

Mu ƙaddara dattijo ne mai shagon atamfa a Kantin Kwari, shekara arba'in yana fita. An dawo daga asibiti, 'ya'ya sun yi taro. "Baba, ka wahala da mu, yanzu lokacinmu ne. Ka zauna ka huta." Aka karɓi makullin shago. Aka ce kada ya je masallaci shi kaɗai, daga baya aka ce ya yi sallarsa a ɗaki. Baƙi suka zo, aka ce yana barci. Ana shawarar auren 'yarsa a tsakar gida, ba wanda ya leƙa ya ji ta bakinsa. Ba a yi wata shida ba ƙafafu suka yi nauyi don ba tafiya, barcin rana ya kori na dare, magana ta ragu don ba abokin yi. Sai iyali su ce, "Kai, ciwon nan yana da sauri." Wani kaso na saurin ciwon ne. Wani kason kuwa zaman ne, domin ƙwaƙwalwa da jiki duk suna tsatsa idan aka jingine su, irin ta keken ɗinkin da aka rufe da zane shekara guda.

Da an bi wata hanyar fa? Ya ci gaba da zuwa shagon, ko da daga hantsi zuwa azahar. Lissafi da cinikin manyan dila su koma hannun ɗansa. Shi kuma ya zauna a kujerarsa, ya gaisa da abokan cinikin da suka saba da shi tun kafin a haifi ɗan, ya taɓa yadi ya faɗi mai kyau da na bogi, wanda yatsunsa sun fi na kowa sani. An sauke masa abin da ya fi ƙarfinsa, an bar masa abin da ya sa ake ce masa mai shago.

Haka tsohuwar da aka hana shiga madafa don ta taɓa barin tukunya a wuta. Wutar ce haɗarin, to a tsaya mata a kan wutar. Tsince shinkafa, gyaran zogale, ɓare gyaɗa, ɗanɗana miya ta ce gishiri bai ji ba, duk waɗannan nata ne har yanzu. Idan ta ɗauki awa ɗaya a aikin minti goma, me aka rasa? Ni a ganina mafi wuyar darasi ga mai kula da irin wannan majinyaci shi ne ya koyi riƙe hannunsa. Ka ga mahaifinka yana kokawa da maɓallin riga, zuciyarka na cewa ka ɓalla masa a wuce wurin. Ka yi haƙuri ka jira. In ya cije, ka sa masa na farko, ka bar masa sauran. Abin da ka karɓe masa yau, da wuya ya dawo hannunsa.

A ƙasashen Turai, idan aka ce mai ciwon yana cin gashin kansa, galibi ana nufin yana zaune shi kaɗai a gidansa. Mu ba haka gidajenmu suke ba, kuma ba abin da za mu yi sha'awa ba ne. Cin gashin kan dattijo a wurinmu shi ne ya kasance yana da ta cewa a gidansa, yana da abin yi idan gari ya waye, ana kuma sallama da shi a zaure.

Bango ma yana iya tunawa

Wendy Mitchell ma'aikaciya ce a hukumar lafiya ta Ingila, aikinta tsara jadawalin ma'aikatan jinya. A Yulin 2014, tana da shekara 58, aka gano tana da Alzheimer. Ta ci gaba da zama ita kaɗai kusan shekara goma, ta fitar da littattafai uku, ta rasu a Fabrairun 2024. Dabararta mai sauƙi ce: duk abin da kanta ya kasa riƙewa, sai ta ba wani abu ajiyarsa. Ta lura tana manta cewa akwai kaya a cikin kabad idan ƙofarsa na rufe, sai ta ɗauki hoton abin da ke ciki ta manna a jikin ƙofar. Ta sa ƙararrawa a na'urarta tana tuna mata lokacin cin abinci da shan magani.

Ba sai da na'ura mai tsada ba. Ƙusa ɗaya a bango inda makulli, carbi da tabarau za su riƙa kwana kullum. Buta a wurinta, takalmi a wurinsa. Kada a tashi yi wa tsoho gata a sauya masa fasalin ɗaki, ko a ɗauke shi daga gidan da ya yi shekara hamsin a kai shi sabon gini a bayan gari don ya ji daɗi. Ƙafarsa ta haddace tsohon gidan, tana kai shi makewayi ko a cikin duhu. A sabon gida kuwa baƙo ne kowace safiya. Idan sauyin wuri ya zama dole, gara a yi shi da wuri, lokacin da ƙwaƙwalwa ke iya koyon sabuwar hanya, a kuma tafi da gadonsa da dardumarsa da rediyonsa.

In yana karatu, boko ko ajami, a rubuta masa abin da ya kamata a kan ƙofofi da manyan haruffa, a ajiye masa ɗan littafi a aljihu. In ba ya karatu, launi da hoto sun wadatar, kamar a shafa wa ƙofar makewayi fenti mai haske daban da na sauran. A sa fitila mai caji a hanyar makewayin ta kwana a kunne. A rufe rijiya da murfi mai nauyi. A kashe tukunyar gas daga kanta bayan girki. Kalanzir, fiya-fiya da maganin ɓera su bar inda hannu ke kaiwa, musamman ma da yake mun saba zuba su a gorar lemo. Ciwon yakan taɓa yadda ƙwaƙwalwa ke fassara abin da ido ya gani, har baƙin abin goge ƙafa a bakin ƙofa ya zame wa mutum kamar rami, tayil mai sheƙi kuma kamar ruwa. Idan tsohuwa ta toge a bakin ɗaki ta ƙi shiga, kafin a ce rigima ce a duba abin da ke ƙasa.

Agogon da muke da shi tuntuni

Masana a ko'ina suna nanata cewa mai cutar mantuwa yana bukatar yini mai tsari, yau kamar jiya. A wasu ƙasashen sai an zauna an zana wannan tsarin a takarda. Musulmin da ya tashi a ƙasar Hausa ya same shi a shirye: ladan yana raba masa yini gida biyar, da murya mai ƙarfi, ba tare da an saita komai ba. Sai a rataya sauran al'amura a jikin salloli. Maganin safe bayan asuba, fita shago da hantsi, abinci bayan azahar, ɗan tattaki bayan la'asar, maganin dare bayan lisha. "Bayan la'asar" ya fi zama a kan tsoho fiye da "ƙarfe huɗu da rabi".

Sallar kanta takan zama abin damuwa. Dattijon da bai taɓa wasa da ibada ba ya tsinci kansa bai san raka'a nawa ya yi ba, sai baƙin ciki ya kama shi, wani har kuka. A nan jam'i yana da daɗi, domin mamu bin liman kawai zai yi, liman kuma yana ɗauke masa rafkanuwa. A gida, ɗa ko jika ya ja shi. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu sun yi wa wanda kokwanto ya aura sauƙi na musamman, kuma mafi yawan malamai suna ganin wanda hankalinsa ya gushe ba a bin sa bashin sallar da ta kuɓuce masa. Yana da kyau malamin da yake girmamawa ya zo ya faɗa masa wannan da bakinsa. Maganar azumi ma a haɗa likita da malami, saboda ƙishirwa da sauya lokacin magani suna ƙara ruɗewa. Ga iyalan Kirista kuwa, waƙoƙin coci da taron zumunta suna yin irin wannan aikin, kada a yanke su.

Akwai lokaci ɗaya da ya kamata a sani. Da yawa daga masu ciwon sukan rikice idan rana ta yi gora zuwa almuru. Mutum yana cikin gidansa ya tashi ya ce zai tafi gida, ko ya shiga neman mahaifiyarsa da ta rasu shekara talatin. Da yake almuru ne, nan da nan sai a ce iska ce ta shafe shi. Likitoci sun san wannan alamar a Tokiyo da Landan kamar yadda aka san ta a Katsina: gajiyar yini ce ta haɗu da raguwar haske da hayaniyar gida. A kunna fitila tun kafin duhu, a rage ƙarar talabijin, a ba shi abin da zai riƙe, kamar carbi ko kofin kunu. Kada a yi musu da shi cewa ai nan ne gidan. A ce, "To Baba, bari mu yi magariba tukuna." Sau da yawa kafin a idar, abin ya lafa.

Unguwa ta sani

Babbar matsalarmu ɓoyewa ce. Muna tsoron a ce hauka ya shigo gidan, a ƙi neman auren 'ya'yanmu, ko a ce tsohuwar da ke surutai ita kaɗai mayya ce. Sai a kulle ƙofa. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wata ƙungiyar masu yaƙi da Alzheimer a Amurka ta ce mutum 6 cikin 10 na masu ciwon za su fita su ɓata aƙalla sau ɗaya. Duk mai sauraron rediyo ya sha jin cigiyar dattijo sanye da farar riga, ya fita tun safe bai dawo ba.

Kulle shi ba magani ba ne, ƙara masa ƙunci yake yi. Abin da ya fi shi ne mutanen da ke kan hanyarsa su sani: liman, mai shayi, mai kanti, mai unguwa, 'yan adaidaita sahun bakin layi. Magana kaɗan ta isa. "Baba yana fama da mantuwa, likita ya gani. In kun ga ya miƙe hanyar titi, don Allah ku juyo da shi cikin girmamawa." A sa kati mai sunansa da lambar wayar mutum biyu a aljihun kowace riga, ko a ɗinke shi daga ciki. A ajiye sabon hotonsa a waya. Tsohuwa kuma a haɗa ta da jika idan za ta gidan suna ko gaisuwa, kada a ce ta daina zuwa.

Ƙasar Japan, wadda ke cikin mafi yawan tsofaffi a duniya, ta sauya sunan ciwon a hukumance a 2004 saboda tsohon sunan yana ɗauke da ma'anar wauta. A shekarar da ta biyo baya ta fara ba talakawa horo na kamar awa ɗaya da rabi, masu kanti da ma'aikatan banki da 'yan makaranta, kan yadda za su gane mai ciwon su taimaka masa. Waɗanda suka samu horon sun haura miliyan 10. A 2017 har wani gidan abinci aka buɗe na ɗan lokaci a Tokiyo, inda masu kai abinci duk masu cutar mantuwa ne, mai saye kuma ya san ana iya kawo masa abin da bai nema ba, a yi dariya a ci. Su da kuɗi da tsari suke gina abin da unguwanninmu suka gada, wato sanin juna. Abin da ya rage mana shi ne mu faɗa wa maƙwabta gaskiya.

Majalisar dattawa ta ƙofar gida ma magani ce. A Landan an tsara wani shiri na zama 14, sau biyu a mako, kowanne minti 45, inda masu ciwon ke taruwa su yi hira a kan abinci da labaran da, su yi waƙa da wasan kalmomi. Gwajin da aka wallafa a 2003 ya nuna yana taimaka wa tunani da jin daɗin rayuwa, daga baya kuma aka daidaita shi aka gwada a kusa da Ibadan da kuma Tanzaniya. Wanda ya san majalisa zai ga kamannin. A bar shi ya je, ko da labari ɗaya zai maimaita sau uku.

Tuƙi ne kaɗai inda ba na goyon bayan dogon lallashi, domin ran wasu na ciki. Idan ya fara ɓata a hanyar da ya sani, ko yana rikicewa a shataletale, ko sabbin ƙujewa suna bayyana a jikin motar, lokaci ya yi. A bar likita ya faɗa, ya fi sauƙin karɓa daga bakinsa. A kuma tanadi wanda zai riƙa kai shi, don kada ajiye makulli ya zama ajiye fita.

Kuɗi, bashi da wasiyya

Lissafin kuɗi yana cikin abubuwan da ke fara rauni, 'yan damfara kuma sun san haka. Kira ɗaya daga "banki" ana neman lambar katin ATM ya isa a kwashe fanshon shekara. Mafita ita ce a raba: babban asusu ya zama sai da sanin amintacce, saƙon shiga da fitar kuɗi yana zuwa wayarsa shi ma. Amma a bar wa dattijo kuɗi a aljihu. Mutumin da ya saba ba almajiri sadaka, ya sallami jika, ya sayi goro, ranar da ya laluba aljihu ya ji wayam, ranar ya san an sauke shi.

Sannan maganar da ba ma son yi. A farkon ciwon mutum yana da hankalin da zai yanke shawara a kan dukiyarsa da jinyarsa, kuma wannan damar ba za ta dawwama ba. Mu kuwa da an ambaci wasiyya sai a ce ana yi wa mutum fatan mutuwa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ya faɗi wanda yake bi da wanda ke bin sa, a rubuta. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take. Ya nuna takardun gida da iyakar gona. Ya faɗi amanar da aka ba shi ajiya. In zai yi wasiyya, ya yi ta a gaban shaidu, cikin iyakar sulusi da shari'a ta gindaya. Ya zaɓi wakilinsa da kansa, a rubuta a gaban lauya ko alƙali, zai fi kyau ma a haɗa da takardar likita mai nuna cewa a ranar yana cikin hayyacinsa. A tambaye shi a ɗakin wa yake so ya zauna idan jiki ya yi nauyi, wa yake so ya riƙa yi masa wanka. Gidaje da yawa sun watse a kan "ai Baba ya ce", alhali lokacin da Baba ke iya cewa ba wanda ya tambaye shi.

Jikin da ke ɗauke da kan

Har yau babu maganin da ke warkar da Alzheimer. Akwai irin su donepezil da memantine, waɗanda kan ɗan sassauta alamomi na wani lokaci ga wasu mutane, kuma likita ne zai rubuta ya bi diddigi, domin donepezil na iya jawo tashin zuciya da rage bugun zuciya. Sababbin alluran da aka amince da su a Amurka a 2023 da 2024 rage saurin ciwon kawai suke yi, kaɗan, ga tsada ga haɗarin kumburin ƙwaƙwalwa. Duk wanda ya ce yana da garin da ke wanke ƙwaƙwalwa cikin kwana bakwai, kuɗinka yake so.

Abin da ke hannunmu ya fi arha. A riƙe hawan jini da ciwon suga. A duba kunne da ido, domin tsohon da ba ya ji sosai, ko yanar ido ta rufe masa gani, zai yi kama da wanda ciwonsa ya yi nisa alhali labari ne ba ya isa gare shi. A sha ruwa, musamman a bazara, don tsofaffi ba sa jin ƙishirwa da wuri. A taka ƙasa kullum. A yi hattara da kemis: Piriton, maganin barci irin su diazepam da wasu magungunan mura suna dagula tunanin tsoho. Duk ranar asibiti a zuba dukkan abin da yake sha a leda, har da na gargajiya, a nuna wa likita.

Ga ƙa'ida ɗaya da ke ceton rai. Cutar mantuwa a hankali take tafiya. Idan mutum ya rikice farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, ya daina gane mutane, ko barci ya yi masa yawa, to wani abu ne daban ya shigo: zazzaɓin cizon sauro, ciwon mafitsara, ciwon huhu, faɗuwar suga, ko shanyewar ɓarin jiki. A tafi asibiti a ranar. Yawancin waɗannan suna jin magani, mutum ya dawo inda yake.

"Wane ne ni?"

Akwai wata ɗabi'a da ya kamata masu zuwa dubiya su bari. Mutum ya shigo, ya durƙusa, ya ce, "Inna, kin gane ni? To wane ne ni?" Jama'a su zuba ido ana jiran sakamako. Jarrabawa ce a gaban 'ya'ya da surukai, kuma faɗuwa a cikinta tana da ciwo. Tsohuwar za ta manta tambayar bayan minti biyar, amma kunyar takan yini tare da ita ba ta san daga ina ta zo ba. Ka sauƙaƙa mata: "Inna, ina wuni, ni ne autanki, na zo daga Zariya." Ka zauna inda take ganin fuskarka. Tambaya ɗaya a lokaci ɗaya, zaɓi biyu kawai: koko ko shayi? In ta ce an sace mata kuɗi, kada a yi rantse-rantse, a tashi a taya ta nema, galibi suna ƙarƙashin katifa ko a bakin zane. Kada kuma a riƙa maganarta a gabanta kamar ba ta wurin. Jikoki su ci gaba da wasan kaka da suka saba, amma a ja musu kunne ban da tsokana a kan mantuwa.

Duk wannan ba zai tsayar da ciwon ba. Ranar da shago zai gagara tana zuwa, haka ranar da za a riƙa ba da abinci a baki. Idan ta zo, nauyin yakan sauka a kan mutum ɗaya, yawanci mace: matar gida, 'ya, ko matar ɗa, wadda ke kwana ido biyu, kuma masu dubiya ba sa tambayar ta ya jiki. Babi na gaba nata ne.